Wane antibiyotik zan ba wa, kuma nawa? Amsa ga sabuwar ma'aikaciyar lafiya

Tambaya: Ban daɗe da gama makarantar koyon aikin lafiya ta Damagaram ba, aka tura ni wani CSI, wato ƙaramar cibiyar lafiya, na karkara a wajen Mirriya. A kabad ɗinmu akwai amoksisilin, kotirimokzazol, sifrofulokzasin, metronidazol, doksisikilin, kulokzasilin da ƴan kwalaben seftiriyakzon. Majo, wato shugaban cibiyar, ba kullum yake nan ba. Mutane suna zuwa suna cewa a ba su mai ƙarfi, ko a yi musu allura. Yaya zan san wanda zan zaɓa da yawan da zan bayar, musamman ga yara?

Amsa: Ƙanwata, sannu da aiki, Allah ya ba da lada. Abin da ke cikin kabad ɗin nan naki ya ishe ki yawancin cututtukan da za su shigo miki, in dai kin san inda kowanne yake aiki.

Ki fara cire maganar "mai ƙarfi" daga ranki, domin in ta zauna miki ita za ta riƙa rubuta miki takardar magani. Kowane antibiyotik akwai ƙwayoyin cutar da yake kashewa, akwai waɗanda ko gezau ba za su yi ba in sun gamu da shi. Akwai sassan jikin da yake isa, akwai inda ba ya kaiwa. Amoksisilin mai araha ya fi sifro mai tsada kashe ƙwayar da ta fi kawo ciwon huhu, wadda ake kira numokok. Shi kuma amoksisilin ɗin nan, in kika ba mai maruru, kusan kin zubar da shi ne, domin ƙwayar da ke yin mugunya a fata, sitafilokok, tana fitar da wani sinadari da ke farfasa shi. Saboda haka zaɓi yana biyo bayan inda cutar ta zauna a jiki da irin ƙwayar da ta saba zama a wurin. Yawan magani kuwa sikeli ne da agogo suke faɗarsa, ba ƙiyasin ido ba.

Kafin duk wannan, ki tambayi kanki ko akwai bakteriya a maganar ma. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, layin da za ki tarar da safe yawanci mura ce da tari da kaikayin maƙogwaro. Birus ke kawo su, antibiyotik ba ya taɓa birus. Majina ta koma ruwan ɗorawa ko kore, wannan ba shaida ba ce ta bakteriya, haka mura take yi in ta kwana biyu. Da damina da kaka kuma, duk mai masassara ki fara yi masa TDR, gwajin gaggawa na maleriya, kafin hannunki ya je kan wani kwali. Zawo mai ruwa-ruwa wanda babu jini a ciki, maganinsa SRO ne, wato ruwan gishiri da sukari, da zinki: miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, jariri ɗan ƙasa da wata 6 kuma miligiram 10. In kika riƙe waɗannan ukun kaɗai, kin rage antibiyotik mai yawa da ake sha ba gaira ba dalili.

Bari in daɗe a kan ciwon huhun yara, domin nan ne amoksisilin yake ceton rai, nan ne kuma aka fi rage masa awo. Uwa ta kawo yaro yana tari da masassara. Ki bari ya natsu a cinyarta, ki ɗaga rigarsa, ki ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur da agogo a hannu, ba daƙiƙa 15 ki ninka ba, domin numfashin yara ba ya tafiya daidai. Ɗan wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye ya yi sauri. Ɗan shekara 1 zuwa ƙasa da 5, numfashi 40 ko fiye. Sannan ki kalli ƙasan haƙarƙarinsa, ko yana lotsawa ciki duk sanda ya ja iska. In akwai ɗaya daga cikin biyun, kuma babu alamar haɗari irin waɗanda zan lissafa a gaba, amoksisilin na sha ne maganinsa. Awon da Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta tsayar tun 2014 shi ne aƙalla miligiram 40 a kowane kilo, sau biyu a rana. Da ƙwayar nan mai narkewa a ruwa ta miligiram 250, lissafin ya zo da sauƙi: kilo 4 zuwa ƙasa da 10, ƙwaya ɗaya safe ɗaya yamma, kilo 10 zuwa ƙasa da 14, biyu-biyu, kilo 14 zuwa 19, uku-uku. Kwana 5. In saurin numfashi ne kawai babu lotsawar ƙirji, OMS ta yarda da kwana 3 a wuraren da cutar sida ba ta yi yawa ba, amma ki bi abin da littafin PCIME na kan teburinki, wato jagoran kula da cututtukan yara, ya rubuta.

Ga inda ake tuntuɓe. A ce yaro ɗan shekara 2, kin ɗora shi a sikeli ya ba da kilo 12, numfashinsa 46. Arba'in sau goma sha biyu 480 ke nan, wato miligiram 500 safe, 500 yamma. In ƙwaya mai narkewa ta ƙare sai siro, ki ɗauki kwalbar ki karanta jikinta da idonki. In mai miligiram 250 ce a mililita 5, yaron nan mililita 10 zai sha kowane lokaci, 20 a rana, 100 a kwana biyar. Kwalbar mililita 60 a rana ta uku za ta ƙare. In kuwa mai miligiram 125 ce, mililita 20 zai sha kowane lokaci, kwana biyar ɗinsa mililita 200 ne. Uwar da aka miƙa wa kwalba guda mai miligiram 125 aka ce mata "cokali ɗaya sau biyu" ta koma gida tana ba ɗanta kashi ɗaya cikin huɗu na abin da yake bukata, da cokalin shayi wanda babu wanda ya san awonsa. Bayan kwana uku ta dawo yaro ya ƙara rikicewa, sai a ce amoksisilin ba ya ci, a ɗauko seftiriyakzon. Alhali maganin bai gaza ba, ba a ba shi ba ne. Don haka ki ba ta sirinji marar allura ko murfin awo, ki zana mata layi da biro a inda za ta tsaya, ki sa ta ba shi na farko a gabanki. In ya amayar cikin rabin awa, a sake ba shi.

Ni dai na fi son ƙwaya mai narkewa a kan siro a ƙasarmu, saboda zafi. A Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana haura digiri 40, gidaje da yawa ba firji. Garin siro da zarar an zuba masa ruwa kwanakinsa ƙidayayyu ne, wanda aka haɗa da kilabulanik kuwa, irin su Augmentin, sai da firji, kuma ba ya wuce mako. In dole sai siro, a dama shi da ruwan da aka tafasa ya huce, a cika daidai layin kwalba, a ajiye a gindin randa inda ƙasa ke da sanyi, a girgiza kafin a zuba. Abin da ya rage bayan an gama a zubar, kada a ajiye wa ƙaninsa.

Yaron da ba ya iya sha ko kama nono, ko yake amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, wannan ya wuce maganin sha, ya kuma wuce CSI. Ki yi masa allurar farko, amfisilin miligiram 50 a kilo da jantamisin miligiram 7.5 a kilo, ko seftiriyakzon in shi ke gare ki, ki rubuta abin da kika ba shi da lokacin a takardar turawa, a wuce da shi. Jariri ɗan ƙasa da wata 2 mai zafin jiki, ko wanda jikinsa ya yi sanyi ƙalau, shi ma haka, awonsa kuma daban ne, ki duba shafinsa kada ki yi da ka. Mai sikila in ya yi masassara kada ki ce ya je ya dawo gobe.

Babba mai ciwon huhu, amoksisilin giram 1 sau uku a rana, kwana 5. In ya rikice a magana, ko numfashinsa ya kai 30, ko awon jininsa ya faɗi, ko tsoho ne da ya haura 65, ki tura shi.

Ciwon maƙogwaro yawancinsa birus ne, musamman in yana tare da tari da majina. Wanda za ki kula da shi shi ne na yaro ɗan makaranta mai masassara, maƙogwaro ja da farin mugunya a gefe biyu, kaluluwar wuya mai zafi, kuma babu tari. Wannan ya yi kama da sitireftokok, ƙwayar da in an bar ta take iya komawa ta lalata ƙofofin zuciya bayan shekaru. Amoksisilin miligiram 50 a kilo a rana, kwana 10 cikakku, ko allura ɗaya ta benzatin penisilin: yunit miliyan 1.2 ga mai kilo 30 zuwa sama, 600,000 ga wanda bai kai ba. Nan wuri ne da allura take da hujja, in kin san gidan ba za su kai kwana goma ba. Ki kuma riƙa haska maƙogwaro da tocila da kyau. A 2023 mashaƙo ya ɓulla a jiharmu, ya fi tsanani a wajen Matamai. In kika ga wata fata toka-toka manne a maƙogwaro, wuya ya kumbura, kada ki kankare ta, kada wanzami ya taɓa, ki ware yaron ki sanar da likitan gunduma nan take. Antibiyotik kaɗai ba ya isa a nan, sai da maganin da ke karya dafin ƙwayar.

Fata. Maruru ko ƙurjin da ya nuna, maganinsa a tsaga a fitar da mugunya a wanke. Ƙarami in an tsaga shi da kyau sau da yawa ba ya ma bukatar ƙari. In ja da kumburi suna yaɗuwa, ko akwai masassara, kulokzasilin miligiram 500 sau huɗu a rana, kwana 5, kuma ciki ba abinci, kamar awa ɗaya kafin a ci, don abinci yana rage shigarsa jini. Ki zagaye iyakar jan da biro ki gani gobe ko ya tsallake layin. Za ki kuma ga masu ɓare kafso ɗin nan ja da rawaya da ake kira tupaye suna barbaɗa garin a kan gyambo. Ki wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, ki tambayi allurar tetanos, ki gaya musu cikin lalama su daina.

Zawo mai jini, atuni, shi ne zawon da yake son antibiyotik. Mafi yawansa ƙwayar shigela ce: sifro miligiram 500 sau biyu a rana kwana 3 ga babba, yaro miligiram 15 a kilo sau biyu a rana, shi ma kwana 3. Flagyl kuwa, wato metronidazol, an mayar da shi maganin kowane murɗawar ciki, abin da ba shi ne aikinsa ba. Wurinsa amiba da jiyardiya da ƙwayoyin da ke rayuwa inda babu iska, irin na ruɓaɓɓen haƙori ko na cikin mahaifa bayan ɓari. In atuni bai yi sauƙi da sifro bayan kwana biyu ba, ko an ga amiba a gwajin bayan gida, sannan ya shigo. In amai da gudawa ne kamar ruwan shinkafa, babba yana bushewa a gabanki, ruwa ne zai cece shi. Doksisikilin miligiram 300 sau ɗaya tak ƙari ne a kan ruwan, kuma ki kai rahoto a ranar.

Tifoyid na da gaskiya tana nan, kuma tana kisa, amma ba kowane gwajin jini na Widal da ya nuna alama ne tifoyid ba. Wannan gwajin yana nunawa ga mutumin da ya taɓa yi tuntuni, yana nunawa ga mai maleriya ma. Ki fi dogara da labarin ciwon: masassarar da ta ƙi sauka kusan mako, TDR bai nuna komai ba ko an sha maganin maleriya ba ta tafi ba, ciwon kai, ciwon ciki, kasala mai yawa. Babba sifro miligiram 500 sau biyu a rana kwana 7, ko azitiromisin giram 1 ranar farko sannan 500 kullum har a cika mako, domin ƙwayar ta fara jure wa sifro a wurare da yawa. Abin tsoro a sati na biyu zuwa na uku yake, lokacin da hanji ke iya hujewa. Yaro mai doguwar masassara da cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar katako, ba ya bari a taɓa, aikin tiyata ne. Kada ki riƙe shi kwana ɗaya kina canza masa magani, ki sa masa ƙarin ruwa, ki yi allurar farko, a nufi Babban Asibitin Damagaram ko asibitin gunduma mai ɗakin tiyata.

Tun da na ambaci sifro da doksi, ga abin da littattafan waje ba za su gaya miki da harshenmu ba. Mutumin nan da kika ba sifro, da fura da nono zai kora shi. Sinadarin kalsiyam na nono yana kama maganin a cikin hanji ya hana wani kaso mai yawa shiga jini. Haka ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, da zinki, da farin maganin gyambon ciki. Ki ce masa da ruwa zalla zai sha, ya jinkirta fura da nono awa biyu bayan magani. Kunun kanwa ma gara a raba su. Doksi kuma a sha shi da ruwa cike da kofi, a zaune ko a tsaye, kada a kwanta nan da nan, don yana ƙona hanyar abinci in ya maƙale.

Fitsari. Mace mai zafin fitsari da yawan zuwa, ba masassara, ba ciwon kwiɓi, ciwon a mafitsara ya tsaya. In ana samu a farmasi, nitirofurantoyin miligiram 50 sau huɗu a rana kwana 5, ko fosfomisin giram 3 sau ɗaya, sun fi dacewa, domin a fitsari suke taruwa. Wannan dalilin ne kuma ya sa ba su da amfani in ciwon ya hau ƙoda. In akwai masassara da rawar sanyi da ciwon kwiɓi, ko namiji ne, sifro miligiram 500 sau biyu kwana 7. Kotirimokzazol, Bactrim ɗin da kowa ya sani, ya daɗe yana wannan aikin, amma ƙwayar hanjin da ke kawo ciwon fitsari ta saba da shi ƙwarai, ban ƙara dogara da shi a nan ba sai gwaji ya nuna yana ci. Babban aikinsa yanzu kariya ce ga masu ɗauke da cutar sida. Ki kuma tuna yaron da ke shan sa ba a ba shi maganin rigakafin maleriya na damina, domin dangi ɗaya ne da sulfadokzin da ke ciki. Sannan yaro namiji da ke wanka a tabki, a ce a wajen Gidimuni ko duk inda ruwa ke kwanciya, ya zo da jini a ƙarshen fitsari, wannan tsargiya ce, tsutsa ce. Maganinta firazikantel miligiram 40 a kilo sau ɗaya. Ko kwali nawa na sifro ya sha ba za ta tafi ba.

Duk macen da ta isa haihuwa, ki tambaye ta yaushe rabonta da al'ada kafin ki rubuta. Mai ciki ba a ba ta doksi ko sifro, kotirimokzazol ma a kauce masa a watanni ukun farko. Dangin penisilin da sefalekzin da seftiriyakzon babu laifi. Ciwon fitsari ga mai ciki ba a yi masa sakaci, yana kawo naƙuda kafin lokaci. Yaro ɗan ƙasa da shekara 8 ba a ɗora shi kan tetirasikilin, yana ɓata haƙora. Tsoho ko wanda ya bushe da zawo, jantamisin yana iya taɓa masa ƙoda da ji. Kowa kuma ki tambaye shi ko wani magani ya taɓa sa masa ƙuraje, kumburin fuska ko toshewar numfashi. Wanda leɓɓansa da idanunsa suka fara saɓulewa bayan Bactrim, a tsayar nan take a tura shi.

Ciwon sanyi na maza mai fitar da mugunya ta gaba: allura ɗaya ta seftiriyakzon a awon da jagoran ƙasa ya rubuta, tare da doksi miligiram 100 sau biyu a rana kwana 7, saboda sau da yawa ƙwayoyi biyu ne suke tafiya tare. Sifro ya daina cin wannan ciwon a yawancin duniya. Wahalar ba a maganin take ba, a iyali take. In yana da mata biyu ko uku, duka sai an yi musu, in ba haka ba ciwon zai riƙa zagaye gidan, ƙarshensa wata ta rasa haihuwa. Ki yi maganar a keɓe, da mutunci, ba a gaban layi ba.

Yanzu ƴan kwalaben seftiriyakzon ɗin nan. Ki ɗauke su kamar hatsin da maigida ke bari a ƙasan rumbu don tsakiyar damina: wanda ya cinye shi tun da kaka, ranar da ake bukatarsa ba shi. Muna cikin yankin sanƙarau. Daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023 kaɗai, OMS ta ba da rahoton mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Mai masassara da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, ko jariri mai kumburarriyar maɗiga, shi ne mai wannan maganin, domin yana ratsawa ya isa ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa: miligiram 100 a kilo sau ɗaya a rana, kada a wuce giram 4, kwana 5 a lokacin annoba. Kada jiran mota ya hana ki yin allurar farko. Kada ki haɗa shi a layi ɗaya da ruwan Ringer da ake ƙarawa ta jijiya, kalsiyam ɗin ciki yana daskarar da shi. Jariri sabon haihuwa mai shawara kuma ba a yi masa shi.

Dalilin da ya sa nake ta nanata wannan, duk sanda aka yi wa mai mura seftiriyakzon, ƙwayoyin da ke zaune a hanjinsa suna koyon jure masa, masu raunin su mutu, masu taurin su yaɗu, su bi hannu da ruwa da ƙuda su shiga maƙwabta. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen in an auna da yawan jama'a. Tun 2017 OMS ta kasa antibiyotik gida uku: na hannu da ake fara ɗauka, na sa-ido, da na ajiya. Amoksisilin, kulokzasilin, doksi, metronidazol, kotirimokzazol da jantamisin na gidan farko ne. Sifro, azitiromisin da seftiriyakzon na sa-ido ne. In kika duba rajistarki a ƙarshen wata kika ga na sa-ido sun rinjayi na hannu, akwai abin gyara.

Masu cewa sai allura, kada ki yi musu faɗa, kuma kada ki sallame su hannu wofi. Mutum ya yi tafiyar kilomita da yawa a amalanke, yana son ya ga an ɗauki ciwonsa da muhimmanci. Ki auna shi sosai a gabansa, ki saurari ƙirjinsa, ki faɗa masa sunan abin da ke damunsa. "Baba, ƙirjinka lafiya lau, mura ce ta hunturu. Ga farasetamol, ka sha ruwa da yawa. In numfashi ya fara yi maka wuya, ko masassara ta wuce kwana uku, ka dawo ko da dare ne." Wanda aka yi wa haka ya fi wuya ya biya wurin mai tallan magani a tasha. Gaskiya ce kuma za ki faɗa in kin ce sifro, metronidazol da doksi na sha suna shiga jini kusan daidai da na jijiya. Allura ta mai amai ce, da wanda ba ya iya haɗiya, da mai ciwo mai tsanani. Maganin tebur da ya wuni a rana kuwa, OMS ta ƙiyasta a 2017 cewa kusan ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe irin namu jabu ne ko marar inganci, don haka ki riƙa tambaya me aka sha kafin a zo, a nuna miki kwalin.

"Sau uku a rana" ki fassara shi da lokutan da mutane suka sani: bayan asuba, bayan azahar, sannan lokacin kwanciya, don tazarar ta kusa awa takwas-takwas. Sau biyu, asuba da magariba. Da azumi, mai sau biyu zai iya zama sahur da buɗa-baki. Mai sau uku ko huɗu ba ya shiga tsakanin magariba da asuba, kada a cusa shi. Ko a sauya da wanda ya dace, ko a tuna wa majinyaci cewa Alƙur'ani ya yi wa marar lafiya rangwame ya rama daga baya. In ya yi shakka, ya tambayi limaminsu.

Duk wanda kika ɗora a kan antibiyotik, ki ce ya dawo bayan kwana biyu zuwa uku. In babu sauƙi, kada hannunki ya yi saurin zuwa kwali na gaba. Ki tambaya ko ya sha, nawa ya sha, ko ya raba da wani a gida, ko yana amayarwa. Ki sake auna shi daga farko, wataƙila mugunya ce ta taru a wani wuri tana jiran a fitar, wataƙila tun asali ba ciwon ba ne. Mai tarin da ya wuce sati biyu, yana rama, yana gumin dare, kada ki bi shi da amoksisilin sannan Bactrim sannan sifro. Sifro da danginsa suna danne tarin fuka na ɗan lokaci su ɓoye shi, su kuma koya wa ƙwayar jure magani. Ki aika kakinsa gwaji, maganin tarin fuka na wata 6 kyauta ne. Wanda kuwa ciwon fitsarinsa ko gyambonsa ya ƙi jin magani biyu da aka ba shi daidai, ki rubuta sunayen magungunan da awonsu da kwanakinsu a takarda, ki tura shi Damagaram a shuka ƙwayar a ɗakin gwaji a ga wanda ke kashe ta, sannan ki sanar da majo da likitan gunduma in irin haka ya fara yawa a ƙauyukanku.